Wai sonatar Mozart kiɗan yara ce?

Har yanzu raina a ɓace yake kan abin da wani bawan Allah ya rubuta jiya a ƙarƙashin bidiyon wata yarinya.  Yarinya ta zauna ta kaɗa sonata ta 16, wato wani kiɗan fiyano mai kashi uku da shahararren mai tsara kiɗan nan Mozart ya rubuta, wadda ake kira K. 545 a jerin ayyukansa, shi kuma ya zo yana cewa kiɗan yara ne, in ta isa ta kawo mai nauyi. Malam, ka taɓa ɗora yatsunka a kan fiyano kuwa?

Wannan sonata ba ta da wurin ɓuya. Farar shadda ce, ɗigon manja ɗaya ya faɗa mata kowa sai ya gani. Hannun hagu sauti uku kawai yake juyawa a farko, waɗanda ake kira C, E da G, yana bin su C, G, E, G, ya sake komowa. Ka danna da ƙarfi kaɗan, ya koma ƙarar keken ɗinki. Hannun dama kuma ya hau tsani da gudu ya sauko, kuma dole kowane sauti ya fito daidai da ɗan'uwansa. Ni wata huɗu na yi a wurin nan, yatsana na kusa da ƙarami yana makara, malamina yana ƙwanƙwasa fensir a gefen fiyano yana cewa in sake. Kiɗa mai hayaniya yakan rufa wa mai kaɗawa asiri. Wannan ba ta rufa wa kowa.

Na san za a ce ai Mozart da kansa ya rubuta a kundin da yake jera ayyukansa cewa ta masu koyo ce. Haka ne, ranar 26 ga Yuni, 1788, a Viyana, babban birnin Ostiriya. To sai me? A wannan ranar ya shigar da simfoninsa na 39, wato babban kiɗa na taron makaɗa, a cikin kundin. Hannu ɗaya ne ya rubuta su.

Kuma ku saurari kashi na farko da kunnen basira. Inda aka saba jigon kiɗan ya dawo gidansa, wato sautin C da ya fara a kai, sai Mozart ya sauke shi a sautin F, kamar baƙon da ya shigo ta ƙofar baya. Kashi na biyu tafiya yake a hankali a kan G, can tsakiya sai ya yi duhu, wallahi duk sanda na iso wurin sai jikina ya yi sanyi. Wannan ne kiɗan yara? Babu wurin ɓuya, na sake faɗa, kuma yarinyar nan ba ta ɓuya ba. Allah ya yi mata albarka.

Kwana uku bayan ya shigar da sonatar a kundi, 'yarsa Theresia ta rasu tana da wata shida. Shi ma bai ga an buga sonatar ba, sai a 1805 ta fito, shekara 14 da mutuwarsa. Fiyanonsa na can Salzburg, garin haihuwarsa, har yau, maɓallai 61 gare shi, namu na yanzu 88. Ina da burin wata rana in tsaya a gabansa in ji an kaɗa kashi na biyun nan a kansa.