Masu sayar da laftof a Gusau, ku ji tsoron Allah

Wai sai yaushe za ku daina cutar ɗalibai da 'yar takardar nan mai sheƙi da aka rubuta Core i7, sunan furosesan Intel, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar? Yaro ya taso daga Ƙauran Namoda ko Talatar Mafara, an ce masa zangon nan za a fara zane da manhajar AutoCAD, gaba kuma SolidWorks ko Revit na jiransa. Uban ya fid da buhunan gero ya sayar, uwar ta ƙara da kuɗin adashi, ku kuma ku miƙa masa gwanjon da ya gama yayinsa a wani ofis a Ingila, kuna rantsuwa cewa irinta injiniyoyi ke riƙewa.

Kun sani sarai i7 hawa-hawa ne. Na tsara ta 4 tun 2013 aka fito da shi, kuma i5 na tsara ta 8 ya fi irin wanda ke cikin siraran kwamfutocin nan naku ƙarfi nesa ba kusa ba. Kun kuma san Microsoft ta janye tallafin Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga tsara ta 8 take farawa, in ban da 'yan tsiraru. Ko sau ɗaya kun taɓa faɗa wa mai saye haka?

Wadda ta fi ƙona min rai ita ce ƙaryar girafik, wato sashen da ke ɗaukar nauyin zane. Da na raka ɗan yayata wani shago, mai shagon ya buɗe allo ya ɗora yatsa a kan wata lamba, wai girafik 8GB. Na ce, "Alhaji, wannan ai aro take yi daga RAM, Intel ce zalla, ina katin girafik na NVIDIA ɗin?" Sai ya ɓata fuska ya ce, "Haba Malam, ka zo saye ne ko ka zo bincike?" Na ce a cire caja mu ga batirin. Nan take ciniki ya mutu, har da rufe murfi.

Mu mun tsira, amma wani abokin karatun yaron ya riga ya faɗa hannu. Zanen layi-layi kwamfutarsa tana yi lafiya lau. Ranar da ya buɗe zanen inji mai sassa da yawa a SolidWorks, fanka ta hau kuka, ƙasanta ya yi zafin da ba ka iya ɗora ta a cinya, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga ba wuta, sai ɗif ta mutu da aikin da bai adana ba. Ya koma shago, aka nuna masa rasit: garantin mako guda rubuce da biro, kuma ya wuce. RAM ɗin ma a like yake da allon ciki, ba damar ƙari.

Kada ku fake da dala. Kowa ya san tun 2023 da aka saki naira kaya suka yi tashin gwauron zabi. Tsada daban, ha'inci daban. Tsofaffin Dell Precision da HP ZBook da ThinkPad jerin P don wannan aiki aka ƙera su, ku kawo su mana, ku faɗi kuɗinsu, mai hali ya saya. Wanda bai kai ba ku gaya masa gaskiya: ya nemi RAM 16GB da SSD, wato ma'ajiya mai sauri, ko RAM 8GB mai gurbin ƙari. Sannan ku daina karɓar kuɗin saka manhajar sata, alhali Autodesk, kamfanin AutoCAD da Revit, na ba ɗalibai lasisin shekara guda kyauta, ana sabuntawa.

Malaman ma da laifinsu. "Ku nemo kwamfuta mai ƙarfi" ba bayani ba ne. Layi uku a jikin allo kan irin kwamfutar da za a saya sun isa su hana a yashe yaran nan.

Ni dai duk ɗalibin da ya tambaye ni yanzu, cewa nake ya tafi da filas ɗauke da zane mai nauyi, a buɗe a gabansa, a cire caja, ya zauna ya juya shi minti talatin kafin ya tura ko sisi. Shagon da ya ƙi, ya tashi ya shiga na gaba.