Ta zo ta biyu a aji, amma ba ta iya karanta layi ɗaya ba

Tun shekaranjiya da na fito daga ofishin hedimastan makarantar su ɗiyata zuciyata ba ta daina tafasa ba. Na yi ƙoƙarin haɗiye abin kamar yadda na saba, ya ƙi wucewa. Shekara tara ke nan ina kai yara firamare, ina biyan duk abin da aka ce a biya, ina sayen duk littafin da aka rubuto, ban taɓa ɗaga wa malami murya ba. Amma abin da aka yi mini a gaban 'yata, wallahi ba zan yi shiru a kansa ba.

Yarinyar shekararta takwas, tana aji uku. Sakamakon zangon da ya wuce ta zo ta biyu, har da yabo da jan biro a ƙasan takarda. Kullum da yamma sai ka ji ta tana rera ma'anar kwamfuta da Turanci, da sassanta, da ma'anar iyali, da ire-iren ƙasar noma, tana zubowa kamar famfo. Ina jin daɗi, ina cewa Allah ya yi albarka. Ranar Lahadi na ɗauki littafinta na rubutu, na ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiyar wannan ma'anar kwamfutar da take rerawa, na ce karanta mini wannan. Ta yi shiru. Sai ta koma farkon layi, tana rerawa a hankali tana ƙirga kalmomi da yatsa har ta iso inda nake nunawa, sannan ta faɗi kalmar. Gabana ya faɗi. Na yagi takarda na rubuta "kare ya shiga gida", kalma huɗu da harshen da take magana da shi tun tana rarrafe. Ta kalli takardar, ta kalle ni, idonta ya ciko da ƙwalla.

Washegari na riƙo hannunta muka tafi makaranta. Kusan awa guda muna zaune a benci kafin a ce mu shiga. Na yi sallama, mutumin ya amsa a ciki, idonsa na kan waya. Malamai biyu na gefe suna cike rajista. Bai ce in zauna ba.

"Malam, me ke tafe da kai?"

Na ce ranka ya daɗe, na zo ne a kan karatun yarinyar nan. Na ajiye takardar sakamakon da littafin a gabansa. Ya ja takardar da ɗan yatsa ɗaya, ya leƙa, ya turo mini ita.

"Ta biyu ta zo. Me kuma kake nema? Ta ɗaya kake so a ba ta?"

Na ce ranka ya daɗe, ba ta iya karatu ba. Hadda take yi. In ka yarda ga ta nan, ka rubuta duk abin da ka ga dama ka ba ta. Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni, tun daga takalmi har hula, irin kallon da ake yi wa wanda ya zo roƙo. Ya jawo wani kundi mai kauri daga aljihun tebur ya buga shi a gabana.

"Ka ga wannan? Manhaja ce. Mako na ɗaya, mako na biyu, har na goma sha biyu. Abin da aka ce mu koyar ke nan, kuma muna koyarwa. Ba mu muka rubuta ta ba."

Na ce na ji, amma a wane mako ne aka rubuta cewa yaro zai iya haɗa baƙi da wasali ya fitar da kalma? Ɗaya daga cikin malaman nan ta yi ƙasa da kai tana dariya. Shi kuma ya jingina da kujera ya harɗe hannu.

"Malam, kai wane karatu ka yi? Ka taɓa riƙe alli? Irinku iyayen da ba ku zama da 'ya'yanku a gida, ku kuka fi kowa surutu. In kanta ba ya ja, akwai lesin bayan an tashi, ka biya a sa ta. In kuma makarantar ce ba ta yi maka ba, ƙofa a buɗe take."

In kanta ba ya ja! A gaban yarinyar ya faɗa, yarinyar da shi da hannunsa ya sa wa takardarta hannu cewa ta fi kowa a ajin in ban da mutum ɗaya. Na ji hannunta ya matse nawa. Ya koma kan wayarsa, mu kuma muka fito. Ba mu kai bakin ƙofar makaranta ba ta ce, "Baba, ni daƙiƙiya ce?" Ban san lokacin da na durƙusa a gabanta ba.

To ni ban taɓa riƙe alli ba, gaskiyarsa. Amma na san jakar da take goyawa kowace safiya littafin rubutu goma sha huɗu ne a ciki, kowane darasi da nasa, har kafaɗarta ta karkace. Na san malami yana shiga aji ya cika allo da rubutu, yara su kwafe harafi bayan harafi kamar masu zanen fure, a ce su maimaita sau goma da ƙarfi, a kaɗa ƙararrawa. Ran jarrabawa a kawo jimlar nan dai a cire kalma ɗaya a ce su cike gurbi. Wanda ya fi riƙe waƙar shi ne na ɗaya. In ta biyu ba ta iya karanta "kare ya shiga gida" ba, ina labarin ta talatin? Iyayenta sun sani kuwa?

Kuma ba yau aka fara yi mini ba. Yayanta haka ya bi ajin nan ɗaya bayan ɗaya, kowace shekara ana ciyar da shi gaba, sai da ya shiga sakandare asiri ya tonu: yaro ya haddace jadawalin sau har goma sha biyu, amma ka ce masa mutum shida za su raba abu arba'in da biyu, sai ya tsaya yana kallon sama. Ƙaninsu kuwa yana nazare, shekara huɗu bai cika ba, hannunsa bai gama iya riƙe fensir ba, ana ba shi aikin gida ya rubuta ɗaya zuwa ɗari, har jarrabawa ake yi musu a jera su na ɗaya da na ƙarshe. Yana kuka uwarsa na riƙe masa hannu. A Finland sai yaro ya shekara bakwai yake shiga aji ɗaya, kuma ba a taɓa jin yaransu sun zama koma-baya a karatu ba. Mu gaggawar me muke yi, tunda bayan duk wannan azaba yaron zai kai aji uku bai san ƙarar harafi ba?

Hedimastan ya ci mutuncina, kuma ban yafe wannan kalmar da ya jefi 'yata da ita ba. Sai dai magana ɗaya ya faɗa ta gaskiya, ba shi ya rubuta kundin ba. Waɗanda suka rubuta suna can a ofisoshin ma'aikatar ilimi, kuma da su nake. Kowace gwamnati ta zo sai ta cusa sabon darasi a manhaja don a ce ta yi wani abu. A ƙara wannan, a ƙara wancan, ba a tambayar awa nawa ne a yinin yaro ɗan shekara shida. Sufeto in ya zo duba makaranta, littafin shirin darasi yake buɗewa ya ga ko malami ya kai mako na takwas. Ban taɓa jin wanda ya kira yaro daga layin baya ya miƙa masa littafi ya ce karanta ba. Malami ya san da haka, shi ya sa yake gudu da manhaja ko yara sun biyo shi ko ba su biyo ba. Yaron da aka bari a baya a aji ɗaya, an bar shi ke nan har ya gama. Kitso ake yi a kan ƙwarƙwata, kowa ya sani, kowa ya sa hannu.

Kada wani jami'i ya ce bai san girman abin ba. Bankin Duniya da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da abokan aikinsu sun fitar da ƙiyasi a 2022 cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. A Afirka kudu da Sahara abin ya kusa tara cikin goma. Ministoci sun je taron ilimi na duniya a Jomtien ta ƙasar Thailand a 1990, sun je irinsa a Dakar a 2000, sun sake sa hannu a 2015 cewa kafin 2030 kowane yaro zai sami ilimi mai inganci. An cika azuzuwa da yara, an ƙirga kawuna, an kai rahoto. Abin da ke shiga kawunan ba wanda ya ƙirga.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganin ba ɓoyayye ba ne. Tun 1953 UNESCO ta ce yaro ya fi koyo da harshen da ya tashi da shi. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwaji a Ife, aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, suka fi takwarorinsu, kuma Turancin nasu bai gaza ba. Amma har gobe ana tsare ɗan shekara biyar da harshen da bai taɓa ji a gida ba, a ce ya koyi karatu da lissafi da kimiyya duk a cikinsa lokaci guda, in ya yi magana da nasa a hukunta shi. Me zai yi in ba hadda ba? A Indiya ƙungiyar Pratham tun 2005 take bi gida-gida tana gwada yara da takarda ɗaya, harafi, kalma, sakin layi, gajeren labari, ta gano kusan rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta littafin aji biyu. Suka koma raba yara bisa abin da kowa ya iya, ana koya masa daga inda ya tsaya, aka ga canji cikin 'yan makonni. Garin Sobral a Brazil, a yankin da talauci ya yi wa katutu, ya ɗaura niyyar kowane yaro ya iya karatu a shekarun farko na firamare, ya rinƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya, har makarantunsa suka kai sahun gaba a ƙasar. Duk wannan a rubuce yake. Masu tsara manhaja sun fi ni saninsa, da kuɗin jama'a suke zuwa tarurrukan da ake faɗarsa. Su dawo su ƙara darasi na goma sha biyar.

Mu iyaye ma da namu laifin. Mu ne muke tambayar yaro na nawa ya zo, ba ma tambayarsa ya karanta mana. Mu ne muke tafi ranar bikin yaye ɗalibai in an tsayar da ƙaramar yarinya ta zubo jawabin Turanci da ba ta san ma'anar kalma ɗaya a ciki ba. Makarantar da ta fi loda wa yara littattafai ita muke kira mai kyau, wadda ta tsaya a kan baƙi da wasali da ƙirge mu ce ba ta da ci gaba. Masu makarantu sun gane abin da muke saye, shi suke sayar mana. Da ka buɗe baki kuma a bar jaki a koma dukan taiki, a ce kai ne ba ka zama da 'ya'yanka.

Daren jiya na yanka kwali na rubuta haruffa, muka zauna ni da ita. Ba, be, bi, bo, bu. Cikin rabin awa ta haɗa "ba" da "ba" ta ce "Baba", ta ɗago tana kallona kamar ta tsinci wani abu a ƙasa. Wannan ce aka ce kanta ba ya ja. Shekara biyar tana zuwa makarantar nan in aka haɗa da nazare, ba a sami wanda ya ba ta wannan rabin awar ba. Yau kuma ta dawo da jadawalin jarrabawa, darasi goma sha huɗu cikin kwana biyar, da shafi shida na ma'anoni da aka ce ta haddace kafin Litinin.