Alhaji Bakano da Malam Bazazzage a Kangon Rumawa

Alhaji Bakano ya je Turabulus ta ƙasar Libiya sarin kaya, ya tafi da Malam Bazazzage don ya yi masa tafinta. Larabcin Malam kuwa na littafi ne, duk direban da ya yi wa magana sai ya ce "amin". Da kaya suka ƙi fitowa da wuri, wani ɗalibi Badamagare ya ce su zo ya kai su Labda, tsohon birnin Rumawan da Turawa ke kira Leptis Magna, a bakin Bahar Rum, wajen kilomita 120 gabas da Turabulus.

Alhaji: Kai yaro, tsaya. Kuɗin shiga muka biya mu ga kango? Ina mai gidan? Ya sayar mana da filin mana, bakin ruwa ne, ana yanka fuloti an gama.

Badamagare: Baba Alhaji, mai gidan ya rasu tun shekarar 211. Saftimiyus Sabirus sunansa. A nan aka haife shi, ya zama sarkin Rum baki ɗaya a 193. Wannan ƙofar mai fuska huɗu don girmama shi aka gina ta.

Alhaji: Ƙofa ba ƙyaure, ba katanga, fuska huɗu. Ai ɓarawo ma sai ya tsaya yin shawarar ta inda zai shiga.

Malam: Jahilci dai ciwo ne. Wannan ƙofar alfarma ce, ba ta tsaro ba. Mu a Zazzau mun karanta wannan tun muna yara.

Alhaji: A wane littafi?

Malam: Wani babba. Ba za ka san shi ba.

Badamagare: Da ya samu mulki sai ya juyo da dukiya garinsu. Sabon dandali, babban ɗakin shari'a, titi mai ginshiƙai har bakin teku, ya kuma faɗaɗa tashar jiragen ruwa.

Alhaji: Yauwa, wannan ɗan halak ne. Wa aka ba kwangilar tashar?

Badamagare: Oho. Amma ba a daɗe ba yashi ya cike ta.

Alhaji: To na san irinsa. An biya shi kuɗinsa duka tun kafin damina.

Badamagare: Marubutan Rum sun ce da 'yar'uwarsa ta kai masa ziyara fada, Latin ɗinta ya ba shi kunya, ya haɗa ta da kyauta ya maido ta gida.

Alhaji: Malam, ka ji? Da ni ma na san dabarar nan, tun a filin jirgi zan haɗa ka da tsaraba.

Suka ratsa gidan wankan da aka gina zamanin Sarki Hadiriyan, wajen 127, suka shiga wani ɗaki mai dogon benci na marmara jikin bango, an huhhuda shi a jere. Alhaji bai jira bayani ba. Ya tattara babbar riga, ya zaɓi tsakiya, ya harɗe.

Alhaji: Ka ga majalisa! Nan hakimai ke zama. Ɗauke ni hoto, yaro, ka kamo har da hular.

Malam: Wannan karon ka yi daidai. Ramukan nan na shan iska ne, saboda zafin ƙasar. Masana sun yi ittifaƙi a kai. Matsa mini.

Badamagare: Allah gafarta Malam...

Malam: Kada ka katse manya. Ita kuma wannan 'yar magudanar da ke gabanmu, ta alwala ce.

Badamagare: Allah gafarta Malam, Rumawan nan sun riga Musulunci da ɗaruruwan shekaru. Ban-ɗaki ne.

Alhaji: Ban me?

Badamagare: Masai, Baba. Ruwa na gudu ta ƙarƙashi yana kwashewa. A jere ake zama, ba labule, ana hira.

Alhaji ya miƙe da saurin da likitansa ya ce ba zai ƙara iyawa ba.

Alhaji: Goge hoton nan!

Badamagare: Ai na riga na tura wa Hajiya, kai ka ce in dinga turawa nan take.

Malam: Ni dama gwada yaron nake yi.

Alhaji: Kana gwada shi ka cire takalmi?

A kasuwa ne Alhaji ya dawo hayyacinsa. Bakano ko a mafarki ya ji ƙamshin kasuwa sai ya farka, balle wadda aka gina shekara 8 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, teburan dutsenta na nan har yau.

Alhaji: Me ake sayarwa a nan?

Badamagare: Kifi, nama, hatsi, yadi. Amma arzikin garin man zaitun ne, shi ake lodawa a jirgi zuwa Rum. Dubi wannan dutsen mai ramuka, mudun hukuma ne. In ka yi zargin an tauye ka, sai ka zo ka juye a nan kowa ya gani.

Alhaji: Mudun dutse?

Badamagare: Na dutse.

Alhaji: To ta ina ake buga masa gindi ya lotsa?

Malam: Allahu Akbar. Ka ji tambayar Bakano.

Badamagare: Ga kuma na awon yadi. Ma'auni uku aka sassaƙa a jiki, kamun mutanen Kartaj, tsohon birni a Tunisiya ta yau, da taƙin Rumawa, da kamun Iskandariyya, don baƙo daga ko'ina ya auna da nasa.

Alhaji ya ɗora gwiwar hannu a kan dutsen, ya miƙe yatsu. Kamunsa bai kai ba. Ya sake gwadawa, bai kai ba.

Alhaji: Dutsen ya kumbura. Iskar teku ce.

Malam: Shekara talatin ina sayen shadda a wurinka, wandona bai taɓa kai idon sawu ba. Yau na ga dalili.

Alhaji: Shi ya sa garin ya mutu. Ina za a ci riba da irin wannan sa-ido? Kurmi tun zamanin Rumfa take ci, ba dutse ko ɗaya. Kano, ko da me ka zo an fi ka.

Badamagare: Mahara ne suka raunana shi, Baba, yashi ya binne sauran. Shi ya adana shi ma, har Italiyawa suka tone a ƙarnin da ya wuce.

Alhaji: To ginshiƙin can nawa? Guda biyu nake so a ƙofar gida.

Badamagare: An riga ka. Jakadan Faransa ya yi ta lodarsu a jirgi zamanin Sarki Luwi na 14. A 1816 kuma Fasha, wato mai mulkin Turabulus, ya ba Ingila kyautar wasu. Suka kai su wani lambun sarauta kusa da garin Winsa, suka jera su kamar rusasshen gini.

Alhaji: Tsaya. Suka biya kuɗin jirgi, suka biya magina, suka gina kango da gangan?

Badamagare: Ƙwarai.

Alhaji: A garinmu asibitin mahaukata na Dawanau ake kai mai wannan.

Daga nan sai gidan adana kayan tarihi da ke kusa da mashiga. Malam na yin arba da mutum-mutumin farko ya rufe fuska da hannu, yatsu a ware.

Malam: A'uzu billahi! Garin da ke da ma'aunin yadi har uku, a rasa ƙyallen da za a ɗaura wa bawan Allah?

Alhaji: Ka ga abin da nake faɗa. Yadi ya yi tsada saboda sa-ido. Yaro, me ya sa kawunan nan ba jiki, jikkunan can ba kai?

Badamagare: Wasu faɗuwa suka yi. Wasu kuma dama daban ake sassaƙa kan a dasa a wuya. In an yi sabon mai mulki, ana iya cire tsohon kai a sa nasa, jikin na nan.

Alhaji ya yi shiru yana lissafi da yatsu.

Alhaji: Jiki ɗaya, kai kala-kala. Yaro, ka san nawa za a samu da wannan a shekarar zaɓe? Wancan mai karyayyen hancin, a rage mini kuɗin hanci in ɗauka.

Badamagare: Ba na sayarwa ba ne. Tun 1982 UNESCO ta sa wurin nan cikin kayan gadon duniya. Ko tsakuwa ba a fita da ita.

Malam: Ka ji ko? Ko tsakuwa. To fito da ta aljihunka na dama, na gan ka a kasuwa.

Alhaji: Sarkin Faransa ya kwashi jirgi-jirgi ba wanda ya yi tari, ni ɗan guntun marmara...

Ya ciro ya ajiye yana ƙunƙuni. Malam ya juya zai wuce da taƙama, sai aljihunsa ya ce ƙwaras-ƙwaras. Mai gadi ya ɗago kai.

Alhaji: Allah gafarta Malam, wannan fa?

Malam: Nawa na bincike ne.