Wa ya sa hannu a lasisin?

To, kun dai ga abin da ya faru. Wata kwaleji mai zaman kanta ta garƙame ƙofa da kwaɗo, an turo wa ɗalibai saƙon layi uku cewa an dakatar da karatu sai abin da hali ya yi, mai makarantar kuma wayarsa a kashe. Wannan bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Abin da ya hana ni barci shi ne jawabin da ya fito daga ɓangaren hukuma, wai iyaye da ɗalibai su riƙa yin bincike kafin su biya kuɗi. Madalla da wannan nasiha mai tsada. Allah ya saka da alheri. Ashe duk laifin yaran ne.

Ƙanwata tana cikinsu. Shekara biyu cur ta yi tana zirga-zirga, saura zango biyu ta gama, yanzu ko takardar sakamakon jarrabawarta ba ta da hanyar karɓa, domin tana cikin kwamfutar da ke bayan wancan kwaɗon. Ni na raka ta ranar da ta yanki fom. Da idona na ga lasisin an maƙala shi a bango, da tambari da sa hannu. Mun duba jerin makarantun da aka amince da su, sunan yana nan ɓaro-ɓaro. To wane bincike ne kuma ya rage wa yarinya 'yar shekara goma sha takwas? Ta je ta ce a buɗe mata littafin asusun makarantar ta ga ko ana biyan malamai albashi? Ta tambayi banki ko ana bin mai makarantar bashi? Wanda doka ta ba ikon ganin waɗannan takardu shi ne wanda ya sa hannu a lasisin, kuma shi ne yau yake mana wa'azin a buɗe ido.

Ilimi ba takalmi ba ne da za ka gwada, in ya matse ka ka mayar. Ba ka sanin abin da aka sayar maka sai bayan shekara uku ko huɗu, ranar da ka miƙa takardar shaidarka wurin neman aiki aka yi mata kallo ɗaya aka turo maka abarka. A ranar kuɗi sun tafi, shekarun ma sun tafi, kuma su shekaru ba kotun da ke dawo da su. Shi ya sa aka ƙirƙiro lasisi tun farko. Ma'anarsa ita ce gwamnati ta ce: mun shiga, mun duba, ku kwantar da hankalinku. In kuma ba haka yake nufi ba, a faɗa mana, mu san cewa rasit ne kawai na kuɗin da mai makaranta ya biya.

Kada wani ya ce min wannan ciwon ƙasashe matalauta ne. A Amurka, kamfanin Corinthian Colleges, mai tarin kwalejoji masu zaman kansu, ya durƙushe a 2015, jim kaɗan bayan an ci tararsa dala miliyan 30 saboda ƙarya kan adadin ɗalibansa da suka samu aiki. A ƙarshen watan Afrilun shekarar, ɗalibai kusan 16,000 suka wayi gari ba makaranta. A 2016 wata makaranta irinta, ITT Tech, ta bi sahu, ta rufe rassa kimanin 130. Duk waɗannan ba a ɓoye suke aiki ba. Suna da amincewar hukumar tantancewa, kuma da wannan amincewar suke jan rancen karatu na gwamnati da sunan ɗalibai. Hukumar ACICS, wadda ta tantance ITT da rassa da yawa na Corinthian, an ƙwace mata iko a 2016, aka mayar mata a 2018, sannan aka sake ƙwacewa a 2022. Wasan yara kawai.

Daga baya me aka yi? A 2022 gwamnatin ta yafe bashin dala biliyan 5.8 ga tsofaffin ɗaliban Corinthian su 560,000, da dala biliyan 3.9 ga na ITT su 208,000. Na yi musu murna har cikin raina. Amma ku lissafa: shekara bakwai mutum yana ɗauke da bashin karatun da bai tsinana masa komai ba. Kuma wa ya biya a ƙarshe? Masu biyan haraji. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Tun 2012 fa wani kwamitin Majalisar Dattawan ƙasar ya fitar da rahoto kan kamfanoni 30 masu irin waɗannan makarantu, ya nuna abin da suke kashewa a talla da farautar ɗalibai ya fi abin da suke kashewa a koyarwa. An sani. Aka ci gaba da sa hannu. A Ostareliya ma, dillalai sun riƙa bin unguwannin marasa galihu suna raba kwamfutar tafi-da-gidanka kyauta don mutane su sa hannu a kan rancen kwasa-kwasan da ba za su taɓa gamawa ba, har sai da gwamnati ta soke tsarin a ƙarshen 2016. Ihu bayan hari ko'ina.

Na san masu zuwa su ce kasuwa za ta gyara kanta, makarantar banza za ta mutu da kanta. Ƙwarai, ga ta nan ta mutu. Amma da wa ta mutu? Mai ita zai sauya suna da launin fenti ya buɗe wata, ƙanwata ce aka binne da gawar. Ku riƙe wannan karatun naku.

Wasu kuma za su ce makarantun gwamnati ba su iya ɗaukar kowa, in aka matsa wa masu zaman kansu za a rasa gurbi. Ni ban ce a rufe su ba. Akwai na ƙwarai a cikinsu, masu malaman da ke koyarwa tsakani da Allah, kuma su ne suka fi kowa cutuwa duk lokacin da wani ɗan damfara ya shafa musu kashin kaji. Mai gaskiya ba ya tsoron a leƙa littafinsa. Masu cewa in ɓera da sata daddawa ma da wari, wai ɗaliban ne ke neman takarda a sauƙaƙe, ku zo in nuna muku littattafan da yarinyar nan ta cika da rubutu. Ko da a ce akwai masu neman takardar banza, wa ya ba mai sayar da ita izinin buɗe shago?

Kuma abin da ake buƙata ba sihiri ba ne. Kafin a ba ka lasisi, ka ajiye kuɗin jingina a wurin da hannunka ba ya kai, wanda in ka gudu za a mayar wa ɗalibai haƙƙinsu daga ciki. Jihar Kalifoniya tana da asusu na musamman da ake biyan ɗalibai daga ciki idan makaranta mai zaman kanta ta rufe. A Ingila, a 2018 an kafa ƙa'idar cewa sai makaranta ta rubuta shirin yadda za ta kare ɗalibanta in ta durƙushe kafin a yi mata rajista. Ban ce waɗannan ba su da naƙasu ba, amma aƙalla wani ya zauna ya yi tunanin ranar da kwaɗo zai hau ƙofa. Sakamakon ɗalibai kuwa, me zai hana a tilasta wa kowace makaranta ta miƙa kwafinsa ga hukuma a ƙarshen kowane zango? Wannan kaɗai da an yi, da yau ƙanwata ta ɗauki takardunta ta nemi gurbi a wani wuri. Ko sisi ba zai ci ba sai niyya.

Jiya na same ta zaune tana jera katin shaidarta da rasitan biyan kuɗi a cikin leda, ɗaya bayan ɗaya, kamar akwai wanda zai tambaya. Ta ce min, “Yaya, ko dai ni ce ban yi hankali ba?” Wallahi wannan tambayar ta fi komai ƙona min rai. Sun karɓi kuɗinta, sun ci shekarunta, sannan an shawo kanta ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta. Na ce mata a'a, ke kin yi abin da kowane mai hankali zai yi: kin ga sa hannun gwamnati kin yarda. Wanda ya sa hannun shi ya kamata ya fito ya yi bayani, da sunansa da muƙaminsa, ya gaya mana yaushe rabonsa da taka ƙafa a makarantar.

Af, kuma don Allah wanda ya san mai kula da shafin kwalejin na Facebook ya yi masa magana. Har yau da safe tallarsu ta fito min, wai ana ci gaba da sayar da fom, ga samari da 'yan mata sun sha riguna suna wurga huluna sama suna dariya. Hoton nan kuwa na gan shi a tallar makarantu aƙalla uku. Ni wannan yarinya mai gilashi da ke tsakiya nake son in sani, digiri nawa gare ta yanzu, kuma me ya sa har yau ba ta tsufa ba?