Ni dai kasuwar Kirsimeti ta fi min hawa dutsen ƙanƙara

Duk Disamba sai ka ga hotuna sun cika Instagram, mutum ya sha rigar sanyi kamar buhun gero, bayansa ga dutsen Matterhorn fari fat. Ba hassada nake ba wlh, amma in ka samu biza da ɗan kuɗinka kana da kwana kaɗan a Turai, ni shawarata ka nufi kasuwar Kirsimeti, ka bar Zermatt, garin Suwizalan da ke gindin dutsen Matterhorn, ga masu ita.

Zermatt wuri ne mai kyau, ko motar fetur ba a bari ta shiga garin, sai jirgin ƙasa da ƴan motocin lantarki, amma tsadar Suwizalan ba wasa ba ce, ga kuɗin tikitin hawa dutsen, ga hayar kayan zamiya a kan ƙanƙara, kuma wanda bai iya zamiyar ba me zai yi a can banda hoto da rawar ɗari? Har ƙanƙarar ma yanzu a wurare da yawa na tsaunukan Alps da inji ake fesa ta saboda ɗumamar yanayi.

Kasuwa kuwa shiga kyauta ne. Ta Dresden a Jamus tun 1434 take ci, kuma asalinta kasuwar nama ce ta yini ɗaya don mutane su sayi naman biki, ta Strasbourg a Faransa tun 1570. Abin da ya sa take da daɗi shi ne a lokacin nan ƙarfe huɗu da rabi na yamma gari ya yi duhu, ga sanyi na cizon kunne, sai ka shigo fili ka tarar da ƴan rumfunan katako jere da fitilu, ƙamshin kirfa da soyayyen almond mai sukari ya cika wuri, tsofaffi da yara kowa ya rungume kofin abin sha mai zafi da hannu biyu yana hira a tsaye. Kofin ma jingina ake biya a kansa, ka mayar a ba ka kuɗinka, ko ka tafi da shi gida tsaraba.

Sai dai ɗan'uwa musulmi ka buɗe ido, Glühwein da kowa ke sha giya ce aka dafa da kayan ƙamshi, ka nemi Kinderpunsch, shi babu barasa. Tsiran da ake gasawa kuma yawanci naman alade ne, tambaya ba laifi ba ce.

Abin da ke ban haushi kawai, manyan kasuwanni irin na Nuremberg da Vienna cunkoso ya yi musu yawa ranar Asabar, kuma a wasu kasuwannin sai ka ga rumfar da ke sayar da kayan masana'anta a matsayin aikin hannu. Ka je ranar Talata, ko ka nemi ta ƙaramin gari inda mai sassaƙa ke zaune da kansa a rumfarsa.