Tukunyar kashe gobara ba takardar mota ba ce

'Yan uwa masu sana'ar da ke yawo da kayan aiki a mota, yau da ku nake. Masu walda, masu gyaran firji da AC, masu fenti, masu wayarin, har da masu haɗa sola. Kusan kowa yana da jar tukunyar nan ta kashe gobara, amma tsakani da Allah, don wa aka saye ta? Don jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC. A tare ka a hanya, yaro ya ɗaga kujera ya zaro ta, a nuna, a mayar. Tarar rashinta naira 3,000 ce, kuɗin da ko galan ɗin fetur ba zai cika maka ba. In don tarar ce kaɗai, ai bai kai a yi dogon rubutu ba.

Ku leƙa bayan akori-kurar mai walda. Ga janareta, ga jarkar fetur an toshe bakinta da leda saboda murfin ya ɓata, ga silindar oksijin a kwance tana gangarawa, ga tukunyar kabayid, ga tsummokara sun sha baƙin mai, ga batir a buɗe da sifana a kusa da shi. Duk jarinsa ke nan, a wuri ɗaya, a cikin ranar Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato.

Ruwan fetur ba shi ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Tururin ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama ya fice, kwanciya yake a ƙasan mota, musamman bas mai rufi. Sifana ta faɗo kan batir ta haɗa kawuna biyun, tartsatsi ɗaya ya isa. Oksijin kuwa ba ya ci da kansa, amma in ya haɗu da giris ko mai a bakin silinda, yana iya tayar da wuta babu ashana. Masu firji, ku ma kun san R600a da ake zuba wa firjin zamani ɗan gidansu gas ɗin girki ne, haka ma R290. Mai fenti da galan ɗin tina, ba sai na faɗa ba.

To mota irin wannan ce za a ce tukunyar kilo 1 ta ishe ta? Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta ce kilo 1 na ƙaramar mota ne da tasi, akori-kura da bas kilo 2. Mai kilo 1 ɗin nan, in ka danna, cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka ta ƙare. Daƙiƙa goma fa, ga ruɗewa, ga hannu na rawa. A ganina kilo 2 na gaban mota ne. Mai ɗauke da fetur ko gas ya ƙara mai kilo 6 a baya, kuma mai hoda, wadda aka rubuta ABC a jikinta. 'Yan gwangwanayen feshin nan da ake tallarsu a cunkoso, ku bar wa masu son kwalliya.

Inda ake ajiye ta ma ya fi girmanta ba ni haushi. Wani ya danne ta da janareta da ƙarafa, wato tana daidai inda wutar za ta tashi. Wani ya sake ta tana yawo a ƙarƙashin kujera, wata rana ta gangara ta shige ƙasan birki. A ɗaure ta da mariƙinta kusa da ƙofa, inda hannu zai kai ko a duhu.

Sannan tana mutuwa a zaune. Ka duba agogon da ke wuyanta, allura ta zama tana kan kore. Ramukan hanyoyinmu suna girgiza hodar har ta dunƙule a gindi, don haka lokaci-lokaci ka kifa ta, ka kara kunne ka ji ko hodar na zubowa. In yaro ya taɓa dannawa da wasa ko sau ɗaya, iskar za ta riƙa sulalewa, sai an kai an sake cikawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce gobara ƙaddara ce. Haka ne. Amma Manzon Allah (SAW) da kansa ya ce wuta maƙiyiyarmu ce, mu kashe ta in za mu kwanta. Bai ce mu bar ta ga ƙaddara ba.

Babban giɓin da nake gani shi ne yaran shago. Maigida yana cikin gidan da ake wa aiki, yaro ne a bakin mota yana zuba wa janareta mai, sau da yawa ma bai kashe shi ba. Shi zai fara ganin wutar. Ya san a zare fil kafin a danna? Ya san gindin wutar ake fesawa, ba harshenta ba, iska tana bayansa, yana kai hannu dama da hagu? Ya san in hayaƙi na fitowa daga inji ba a wangale bonet, ɗan ɗagawa ake a fesa ta kafar, domin buɗewa gaba ɗaya ciyar da wutar iska ne? Ya san watsa wa fetur ruwa raba wutar yake, gara yashi? Tukunyar da lokacin sake cika ta ya yi, kafin a kai ta, a fita fili da yara kowa ya danna ya ji yadda take a hannu.

Akwai kuma wutar da ba ta tukunya ba ce. Batirin litiyam na sola in ya kama, hoda za ta kwantar da harshen, ya sake tashi daga ciki. Silindar gas ko ta walda in wuta ta fara lasarta, maganar ceto kaya ta ƙare. A janye mutane nesa, a hana 'yan kallo da masu ɗaukar bidiyo matsowa, a kira 'yan kwana-kwana ko 112, kuma da sun iso abu na farko da za ka gaya musu shi ne silinda nawa ce a cikin motar, da abin da ke cikin kowace.