Farfesan kwana tara

Ni fa tun farko ba ni na nemi rigimar nan ba, Ummi ce ta jawo min. Watan Afrilu ne, yara suna hutu, zafin Kano ya kai inda ya kai, irin wanda ma'auni ke haura 40, ga shi kwana biyu babu wuta, firij ɗinmu ya koma kabad ɗin ajiye kwanuka. Muna zaune a tsakar gida bayan la'asar ta ɗebo ruwa a randar Hajiya ta sha, sai ta tsaya da moɗa a hannu ta ce, "Baba, wai me ya sa ruwan randa yake sanyi alhali ba a jona ta da wuta ba, amma na jarka kamar an dafa shi?"

Na gyara zama na ce ikon Allah ne.

Ta ce, "To na jarkar fa, shi ba ikon Allah ba ne?"

Hajiya tana gefe tana jan carbi amma sai da ta ƙyalƙyale da dariya. Ni kuwa na ce wa yarinyar nan ta tashi ta je ta yi alwala magariba ta kusa, alhali ko ƙarfe biyar ba ta yi ba.

Bari na faɗi gaskiya tunda an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, F9 na ci a kemistiri a WAEC. Kuma ba duka laifina ba ne, ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu sau ɗaya na taɓa ganin an buɗe shi, shi ma ranar da za a yi baƙi ne aka sa mu shara. Malaminmu da alli yake zana kwalbar gwaji a allo ya ce mu ɗauka a ranmu ruwan ciki ya canja kala. To daren nan na kasa barci, ina fifita da kwali ina ta bincike a waya har cajina ya kusa ƙarewa, na ce wallahi 'ya'yana ba za su tashi da kimiyyar ɗauka a rai ba. Ashe amsar Ummi ma ba wata doguwa ba ce. Jikin randa ƙasa ce mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa waje a hankali, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da ya bushe ya tashi yana tafiya ne da zafin wanda ya rage a ciki. Daidai da yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. Jarka kuwa roba ce, ba ta gumi.

Da safe na tara su, Abba mai shekara goma sha ɗaya, Ummi mai tara, da Auta mai biyar, na zayyana musu wannan bayani ina ɗaga hannu kamar mai wa'azi. Ina gamawa Hajiya ta ce, "Ai shi ya sa sabuwar randa ta fi sanyi, tsohuwa idan ta toshe ta daina tsatsafo sai a sake wata." Wato abin da na ƙona data na gano da ƙarfe biyun dare, ita tun kafin a haife ni ta san shi. Na yi kamar ban ji ba.

Gwajin da ya ɗaga darajata a gidan nan shi ne na zoɓo. Na roƙi Maman Abba kofi uku na zoɓon da ta dafa ba ta sa suga ba tukuna, ta ba ni tana min kallon da ban gane masa ba. Na jera su a kan tabarma. Na farko na bar shi yadda yake. Na biyu na matsa masa lemon tsami, nan take ya ƙara haske ya yi ja jawur. Na uku na zuba masa jiƙaƙƙiyar kanwa, ya ɗan yi kumfa, kafin ka ce kwabo ya rikiɗe ya koma wani irin kore mai duhu kamar ruwan kwata. Jama'a ku zo ku ga idon yara! Auta har da ja da baya yana cewa Baba ya iya tsafi. Na ce ba tsafi ba ne, a cikin zoɓo akwai wani sinadari da ake kira antosayanin, shi ke ba shi kala, idan ya haɗu da abu mai tsami wato asid sai ya yi ja, idan ya haɗu da kishiyar tsami irin kanwa ko ruwan toka sai ya juya. Sunan nan sai da na maimaita shi sau bakwai a banɗaki kafin na fito. Sannan na tsiyaya lemon tsami a kan dakakkiyar kanwa a murfin kwano, ta hau tafasa ba wuta tana cuuu, na ce wannan kumfar iskar kabon dayokzayid ce, ita ce dai wadda ke cikin lemon kwalba, ita ce kuma ke kumbura ƙullin fanke idan an sa yis.

Hajiya ta leƙo ta ce, "Wai duk wannan dogon turancin na kanwa ta kar tsami ne? Ai shekara hamsin ina sa wa yakuwa kanwa." Na ce Hajiya don Allah ki bar ni na ci abinci a gaban yara.

To a nan ne na yi kuskuren da ya fi kowanne, domin daɗin tafi ya ɗebe ni, na miƙe tsaye na ce musu, masanin kimiyya ba ya yarda da magana don an faɗa, sai ya gwada da hannunsa, in ya gwada kuma sai ya maimaita. Maman Abba tana bakin kicin ta ce, "Baban Abba, ka dai san yaran da kake faɗa wa wannan maganar ko?" Na ce ke dai ba ki san harkar ilimi ba.

Kwana biyu da suka biyo baya lafiya lau, in ka cire gishiri. Na nuna musu ƙwai yana nutsewa a ruwa amma in aka narkar da gishiri da yawa sai ya taso, saboda ruwan ya fi shi nauyi. Hajiya ta ce ita da ruwan banza ma take gwada ƙwan zabi, wanda ya taso ya lalace, wanda ya kwanta a ƙasa shi ne mai kyau, kuma haka ne, ƙwai in ya daɗe iska ce ke taruwa a cikinsa. Washegari aka nemi gishirin miya a gidan nan aka rasa, leda guda Abba ya juye a baho yana son ya ga ko Auta zai taso.

Daga nan na ce bari mu yi babban aiki. Na ba su labarin Mohammed Bah Abba, wani malami da ya koyar a Dutse ta jihar Jigawa, wanda ya ɗauki wannan hikimar ta randa ya yi firij ɗin da ba ya son wuta: tukunya ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yalon da ke yaushi a kwana 3 sai ya kai kwana 27. A shekarar 2000 kamfanin agogo na Rolex ya ba shi lambar yabo da dala 75,000. Da Abba ya ji kuɗin sai da ya tambaye ni nawa ne a naira, na ce ka bari kawai kada ka ɓata mana rai. Na je na sayo tukwane biyu, muka ɗebo yashi a wani kango da ke bayan layinmu, muka haɗa, muka zuba tumatir da attaruhu. Kuma wallahi ya yi! Ka sa hannu ka ji sanyi. Har Maman Abba ta sauko ta ce wannan kam da amfani, Hajiya ta kawo goronta ta ajiye a ciki. Yara suka fara kirana Farfesa, ni kuma na fara tafiya a tsakar gida da hannu a baya.

Ranar Asabar za a kawo lefen ƙanwar Maman Abba, kuma a gidanmu za a karɓa. Duk wanda ya san wannan harka ya san ba ranar wasa ba ce, dangin ango za su zo su ƙare wa gida kallo su koma su ba da labari. Tun asuba mata suka cika gidan, ana suyar kaji, ga cincin ga dubulan, ita kuma ta haɗa zoɓo cikin babban bokitin fenti mai lita 20, ya sha citta da kanumfari da ɓawon abarba, ta sa aka sayo ƙanƙara da tsada saboda rashin wuta, ta rufe ta ajiye a lungu. Baƙi sun ce ƙarfe huɗu.

Wajen uku da rabi ina zaure ina shirin ficewa, don ranar lefe namiji ba shi da wurin zama a gidansa, sai na ji salati daga ciki, irin salatin da ke sa ka fara tunanin wa ya rasu. Na shiga da gudu. Mata sun kewaye bokiti. Na leƙa. Zoɓon nan ya koma kalar ruwan da aka wanke baƙin wando, ga wata kumfa-kumfa a sama. Auta na tsaye a gefe da gwangwanin kanwar Hajiya a hannu, babu komai a ciki, fuskarsa cike da fara'a ya ce, "Baba na maimaita! Babban ma yana canjawa!"

Ba wanda ya kalli yaron. Ni kowa ya juyo yana kallo, har da wata gwaggonsu da ban taɓa gani ba.

Maimakon na yi shiru na ba da haƙuri, sai farfesancin ya motsa. Na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, wannan abu ne mai sauƙi a kimiyyance, tunda kanwa ce ta juya shi, tsami zai dawo da shi. Na tura Abba ya kwaso duk lemon tsamin da ke wurin mai kayan miya na bakin layi, na tsugunna da farar shaddata ina yankawa ina matsewa a jug, sai da na tara kusan rabi, sannan na ce a matsa, na juye shi gaba ɗaya a bokiti. Abin da na manta shi ne darasin da ni da kaina na koyar ranar Litinin. Bokitin nan ya yi wata ƙara ya taso kamar madara a kan wuta, kumfa ta yi ambaliya ta bi tsakar gida ta shige ƙarƙashin tabarmar da aka shimfiɗa wa baƙi, ta wanke min gaban riga har zuwa gwiwa. Yara suka hau tsalle suna ihu "kabon dayokzayid! kabon dayokzayid!" Ummi har da tafi.

Amma fa a yi min adalci, kalar ta dawo. Ba duka ba, amma ta dawo. Na ɗebo a kofi na kurɓa don na nuna musu an gyara, sai na ji abu kamar an jiƙa sabulu da gishiri an ɗiga masa citta. Na haɗiye da ƙyar na ce ba laifi. Maman Abba ta ce, "To Farfesa, tunda ba laifi kai za ka shanye lita ashirin ɗin." A daidai lokacin aka yi sallama, motocin dangin ango sun iso.

Ta ƙofar baya na fita da jar shadda, na hau ɗan sahu na je na sayo katan huɗu na lemon roba da kuɗin da na ware na cefanen sati. Mai shagon ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alhaji lafiya, ko haɗari aka yi?" Na ce eh, kusan haka.

Daren nan na kafa doka: babu wani gwaji sai da izinina, kuma kicin ya haramta ga duk wani masanin kimiyya har da ni. Na kwanta a tsakar gida ina ƙorafi ni kaɗai cewa wayar nan tawa ta cika zafi, in ta jima a hannu kamar dutsen guga. Ban san akwai mai saurare ba.

Da asuba na laluba gefen filo babu waya. Aka duba ƙarƙashin katifa, aka duba aljihun shaddar jiya, aka kira layin a kashe. Can sai ga Auta ya fito yana murza ido ya kama hannuna ya ja ni har gaban tukwanen nan namu. Ba a cikin ƙaramar tukunyar ya sa ta ba inda tumatir yake, a'a, cikin yashin ya tura ta tsaye, sannan ya ƙara ruwa moɗa biyu don ta yi saurin hucewa. Ya ce, "Taɓa ka ji Baba, ta yi sanyi." Na taɓa. Ta yi sanyi kam.

Mai gyara a Farm Centre da ya buɗe ta ya ga yashi na zubowa sai ya ce, "A rafi ta faɗa?" Na ce a firij. Ya ɗago ya kalle ni, ya mayar da kai bai ƙara cewa komai ba, ya yanka min kuɗin da ya sa na tuna dala 75,000 ɗin nan.

Na dawo gida gab da magariba na tarar da tsit, wanda duk mai yara ya san ba alheri ba ne. Su uku suna bayan ɗaki sun haɗa kai, Abba riƙe da sukundireba, Ummi na jan wani baƙin ƙarfe mai zagaye a cikin ƙasa ƙusoshi da allurai na manne masa. Ta ce, "Baba ka ga mayen ƙarfe, ashe a cikin sifika yake zama!" Ban kai ga tambayar wace sifikar ba, sai na ji muryar Hajiya daga ɗakinta tana cewa, "Wai ina rediyona ne, an kusa fara labarai."